Titin da Ke Korar Ƙanƙara da Kansa, da Titunan Salaga, Yendi da Bawku

Duk shekara idan sanyi ya kama, Amurka kaɗai takan watsa gishiri kimanin tan miliyan 20 a kan titunanta. Gishiri yana jinkirta daskarewar ruwa, shi ya sa yake narkar da ƙanƙarar da ke sa mota sulɓi. Jihar New Hampshire ce ta fara gwada shi a 1938, sauran jihohi suka bi sahu. Duk wanda ya san tarihin Gwanja, wannan adadi sai ya tsaya masa a rai. Gishirin Daboya da ake tacewa daga ƙasar bakin kogi, da gishirin Ada da ake haurowa da shi cikin kwale-kwale daga bakin teku, haja ce mai daraja a kasuwar Salaga da ke arewacin Gana, a zamanin da ayarin fatake ke tasowa daga Kano da Katsina su yi watanni a hanya don sayen goro.

Gishirin titi yana da iyaka, yana kuma da ɓarna. Da sanyi ya wuce digiri 9 ƙasa da sifili ƙarfinsa ke raguwa, a wajen digiri 21 ƙasa da sifili kuwa ba ya narkar da komai. Yana cin ƙarfen mota, yana ratsa siminti ya sa rodin gada tsatsa, ruwansa ya gangara rijiyoyi da tafkuna. A garin Elliot Lake na Kanada, ranar 23 ga Yuni 2012, rufin wata babbar kasuwa da ake ajiye motoci a kansa ya rufta ya kashe mata biyu. Bincike ya nuna ruwan gishirin da motoci ke shigowa da shi ne ya yi shekaru yana tsiyaya har ya cinye mahaɗar ƙarfe. Wannan ya sa injiniyoyi ke neman titin da maganin ƙanƙara ke cikin jikinsa tun ranar da aka shimfiɗa shi. A Bawku ko Yendi ba a taɓa kwana da ƙanƙara a titi ba, ko a tsakiyar hunturu ma'aunin sanyi ba ya kusantar sifili, amma dabarun mutanen ƙasashen sanyi suna da abin da za su gaya mana.

Ruwan da wasu suka gama da shi

Garin Klamath Falls a jihar Oregon yana zaune bisa ruwan zafi na ƙarƙashin ƙasa. Tun 1948 aka binne bututu a wani gangaren titin garin, ɗumin rijiya ke hana shi daskarewa.

Wani ƙaramin gari mai suna Holland a jihar Michigan ba shi da wannan baiwa, sai ya dubi tashar wutar lantarkinsa. Ruwan da ke sanyaya injinan tashar da ɗumi yake fitowa, a da kuma zubar da shi ake yi. Daga 1988 aka karkatar da shi cikin bututun roba ƙarƙashin tituna da hanyoyin ƙafa na tsakiyar gari. Yau tsawon bututun ya haura kilomita 250, ruwan na gudu a kimanin digiri 35, yana iya narkar da dusar ƙanƙara mai kaurin santimita 2.5 cikin awa guda. A Reykjavik, babban birnin Ayisland, ruwan da ya riga ya ɗumama ɗakunan mutane ne ake bi da shi ƙarƙashin titi kafin ya tafi teku.

Garin da titunansa suka yi ja

Nagaoka, a lardin Niigata na Japan, na cikin garuruwan da dusar ƙanƙara ke binnewa. A 1961 aka kafa wa wani titinsa bututu a tsakiya, da 'yan ƙananan bakuna masu fesa ruwan rijiya. Ruwan ƙarƙashin ƙasa a can yana zama a wajen digiri 13 rani da damina, wannan ɗan ɗumi kuwa ya ishi dusar ƙanƙara ta narke. Da aka yi gagarumar zubar ƙanƙara ta 1963, wadda tsayinta ya wuce mita 3 a garin, titin da ke da bututun ya zauna a buɗe, nan da nan dabarar ta bazu. Ruwan yana ɗauke da sinadarin ƙarfe, saboda haka titunan Nagaoka sun rine sun koma ja-ja. Mutumin Bimbilla ko Gushegu da ya saba da jan burji zai gane launin, domin tsatsar ƙarfe ce ta rina su duka biyun.

Sai dai an biya kuɗin wannan daɗi ta wata hanya. Yawan zuƙar ruwa ya sa ƙasa ta riƙa lotsawa a wasu garuruwan lardin, musamman Muikamachi, har hukuma ta sa doka a kan haƙa rijiyoyi. Ina ganin duk mai shirin dogaro da ruwan ƙasa ya kamata ya riƙe wannan labari, balle a yankin Salaga, garin da ya yi suna da ɗimbin rijiyoyin da aka sassaƙa cikin marmara saboda wuyar ruwa da rani.

Zafin bazara a rumbu

Wadda ta fi burge ni ita ce ta Suwizalan. A 1994, a wata gada kusa da ƙauyen Därligen, aka shimfiɗa bututu ƙarƙashin kwalta. Da bazara, rana ta gasa kwaltar, ruwan cikin bututun ya kwashi zafin ya kai shi ramuka 91 da aka huda cikin dutse, kowanne zurfin mita 65. Dutsen ya riƙe zafin wata da watanni. Sanyi na shigowa sai a juya famfo, zafin ya dawo ya hana gadar daskarewa. Kamar manomi ne da ke zuba gero a rumbu da kaka ya ɗiba da bazara. Wani kamfani a garin Avenhorn na ƙasar Holan ya ɗauki irin wannan tunani, yana tara zafin kwalta cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ɗumama gidaje da shi.

Akwai riba ta biyu da ta fi shafar mu. Kwaltar da ake zuƙe wa zafi ba ta yin laushi sosai, ba ta saurin lotsawa ƙarƙashin taya. A Bawku, cikin Maris da Afrilu, zafin iska yakan haura digiri 40, baƙar kwalta kuwa a irin wannan rana tana iya kai 60 ko fiye. Abin da mutanen Suwizalan ke tattalawa 'yan watanni, mu a nan kyauta yake sauka kusan shekara duka.

Gada ce ke fara daskarewa

Dalili kuwa iska mai sanyi na bi ta saman gada da ƙarƙashinta, alhali titi yana kwance bisa ƙasa mai ɗumi. A Roca, kudu da birnin Lincoln na jihar Nebraska, an gina gada a 2002 da simintin da aka cuɗa da ɓarɓashin ƙarfe da garin kabon, dabarar Farfesa Chris Tuan. Falanki 52 ne, a ba su wutar lantarki su ɗauki ɗumi da kansu. Mutum na taka su ba abin da zai same shi. Tsadar dabarar ce ta sa aka fi yi mata tanadin gadoji da filayen jirgin sama, kamar gwajin da aka yi a filin jirgin Des Moines a 2016.

A Jami'ar Drexel da ke Filadelfiya kuma wani irin kakin farafin aka zuba cikin siminti. Idan sanyi ya sauko wajen digiri 5, kakin ya fara daskarewa, yana daskarewa yana sakin ɗumi. Ƙanƙara marar kauri kawai yake iya narkarwa, kuma sai rana ta fito ta sake narkar da shi kafin ya yi aiki karo na biyu.

Tsofaffin tayoyi ma sun shiga. Mutanen Suwidin tun shekarun 1960 suka fara daddatsa taya suna cuɗawa da kwalta, aka gwada a Alaska daga 1979. Mota ta taka, robar ta lotsa ta taso, siririyar ƙanƙarar da ke bisa ta farfashe.

Katako ya yi abin da katafila ta kasa

A Oktoban 1970 aka buɗe wani sashe na babbar hanya mai lamba 80 a jihar Wyoming. Kwanaki kaɗan iska ta kwaso dusar ƙanƙara ta rufe ta. Wani masani, Ronald Tabler, ya zauna ya nazarci yadda iska ke ɗaukar kaya da inda take sauke shi. Daga 1971 aka fara kafa shingayen katako nesa da titi, tsayinsu ya kusa mita 4, rabinsu katako rabinsu kafa, da 'yar tazara a ƙasa. Iska ta ratsa, ƙarfinta ya karye, ta zubar da ƙanƙarar a bayan shinge tun ba ta iso kwalta ba. Babu inji, babu mai, babu gishiri.

Hausawan Nijar sun san wannan ilimi a gonakinsu. A kwarin Majiya, cikin jihar Tawa, an fara dasa layukan dogonyaro a 1975 don karya iskar da ke kwashe ƙasa. Rairayi da dusar ƙanƙara doka ɗaya suke bi a hannun iska. Tsofaffin maɗatai da aka jera a bakin wasu hanyoyin arewacin Gana tun zamanin Turawa suna nasu aikin na inuwa da riƙe ƙasa, kuma abin takaici ne a sare su wajen faɗaɗa titi ba a dasa madadinsu ba.

Wasu kuma ƙanƙarar ce titinsu. A Estoniya, shekarar da teku ya daskare sosai, akan buɗe hanyar mota a kansa zuwa tsibirai. Dokar hanyar ta ce a kwance bel, don a iya fita da sauri, kuma kada a yi gudu tsakanin kilomita 25 da 40 a awa, saboda a wannan gudun mota ke tayar da igiyar ruwa a ƙarƙashi da ka iya fasa ƙanƙarar. 

Mai ɓarnar ɗaya ne

Ruwa idan ya daskare yana ƙara girma da kashi 9 cikin 100. Ya shiga tsagar kwalta da rana, ya daskare da dare, ya buɗa ta. Mafi muni shi ne wanda ke ƙarƙashi: ƙanƙara tana zuƙo ruwa daga ƙasa tana kauri har ta ɗaga titi, lokacin narkewa kuma ta bar shi zaune bisa taɓo. Ashe titin da ke jure ƙanƙara, kafin komai, titi ne da ruwa ba ya kwana a cikinsa. Da tsohuwar zuma ake magani. John McAdam, mutumin Sikotlan da ya rasu a 1836, a kan wannan ya kafa koyarwarsa: ƙasar wurin ce ke ɗaukar nauyin kaya muddin ta zauna a bushe, aikin tsakuwa shi ne ta rufe ta, a ɗaga titi sama da kewayensa, a yi masa doro ruwa ya gangara gefe.

A nan ne labarin ya iso gida. Arewacin Gana na samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan dukansa tsakanin Mayu da Oktoba, sau da yawa kamar da bakin ƙwarya. Jan burji yana da ƙarfi ƙwarai idan ya bushe, in ya jiƙe ya yi laushi. Ga kuma madatsar Bagre ta Burkina Faso, wadda akan buɗe a Agusta ko Satumba idan ta cika, ruwan ya biyo kogin Farin Volta ya ratsa tsakanin Zebilla da Bawku, ya shafe gonaki, ya matsa wa gadoji da kwalbatoci. Direban da ke jigilar albasa daga Bawku ko doya daga Salaga ba ya buƙatar injiniya ya gaya masa a wane wata hanya ke mutuwa.

Lissafin da ya kamata kowane mai lodi ya sani

Daga 1958 zuwa 1960, a Ottawa ta jihar Illinois, an sa sojoji suna zagaya titunan gwaji da manyan motoci dare da rana don a ga abin da ke kashe kwalta. Abu biyu suka fito. Na farko, idan aka ninka nauyin da ke kan gatarin mota sau biyu, ɓarnar da yake wa titi tana ninkuwa kusan sau 16. Na biyu, yawancin titunan kwaltar sun lalace ne a lokacin narkewar ƙanƙara, sa'ad da ƙasan titi ke jiƙe. Shi ya sa ƙasashen sanyi ke rage wa manyan motoci lodi a waɗannan makonni. Faransa tana da shingen narkewar ƙanƙara, ƙasashen da ta mallaka a Afirka kuma suka sami shingen ruwan sama: a hanyoyin burji na Nijar, Burkina Faso da Kamaru akan gitta ƙarfe bayan an yi ruwa, manyan motoci su dakata sai hanya ta sha iska.

Ƙa'idar da ƙasashen yankinmu suka amince da ita ita ce tan 11.5 a kan gatari guda. Hanyar gabas, mai lamba N2, ta taso daga Tema ta bi Hohoe, Nkwanta, Bimbilla, Yendi, Gushegu, ta gangara dutsen Nakpanduri zuwa Bawku da Kulungugu, kusan kilomita 700. Ita ce gajeriyar hanya daga tashar jirgin ruwa zuwa arewa maso gabas. Duk kuɗin da aka zuba mata, tirela mai lodin wuce kima cikin watan Agusta tana iya cinye shekarun da aka ƙiyasta mata.

Garin da tafki ya raba da hanyarsa

Salaga ta ga yadda hanya ke ɗaukaka gari da yadda take juya masa baya. Bayan Ingilishi sun ci Kumasi a 1874 cinikin goro ya fara kauce mata, yaƙin basasar 1892 ya watsa fatake zuwa Kete Krachi, Yeji da Kintampo. Duk da haka babbar hanyar mota daga Kumasi zuwa Tamale ta Yeji da Salaga ta riƙa bi. Da aka kammala madatsar Akosombo a 1965, tafkin Volta ya cika ya faɗaɗa mashigin, sai dogon fito tsakanin Yeji da Makango. Manyan motoci suka koma ta Kintampo, Buipe da Yapei. Babu dusar ƙanƙarar da ta taɓa rufe wata hanya tsawon shekarun da wannan ruwa ya yi.

Ƙasar kanta ma ba ta raba arziki daidai ba. Salaga da Yendi suna kan kwarin Volta, inda dutsen ƙasa mai laushi ne, laka da yashi da suka daskare tun fil azal. Bawku kuwa tana kan dutse mai tauri irin wanda ake fasawa a yi tsakuwar kwalta. Ke nan mai gina titi a Gwanja ko Dagwamba yakan biya kuɗin tifa mai nisa kafin ya ga tsakuwar kirki.

Maganin wannan, abin mamaki, daga ƙasar ƙanƙara ya fito. A kwarin Otta na Norwe, tsakanin 1963 da 1965, injiniyoyi suka nemi hanya mai araha ta rufe titunan ƙauye. Suka fesa kwalta mai laushi da kauri, suka baza tsakuwar wurin yadda take, manya da ƙanana har da garinta, suka bi da rola, sauran aikin tayoyin motoci suka ƙarasa cikin makonni. Da fari titin burji yake kama, a hankali kwaltar ta taso ya yi baƙi. Yana lanƙwasa ba ya saurin tsagewa, ruwa kuma ba ya ratsa shi. An kai dabarar Kenya da Botsuwana a shekarun 1970, ta yi shekaru tana aiki cikin zafin Kalahari. A ganina hanyoyin ƙauyukan doya da ke kewaye da Salaga da Bimbilla irin wannan suke buƙata, fiye da alkawarin kwalta mai tsada da ba ta zuwa.

Farin da ke korar rana

Alhazai sun san amfanin farin daɓe da tafin ƙafarsu. Daɓen da ake ɗawafi a kansa a Makka, da tsakar rana ma ana taka shi ba takalmi. Farin dutsen mabul ne daga tsibirin Thassos na Girka, farinsa ke mayar da hasken rana. A Doha, a 2019, an shafa wa wani titi kusa da kasuwar Waqif shuɗin fenti don rage zafinsa, birnin Phoenix na Amurka ya fara shafa wa nasa ruwan toka a 2020. Masu yaƙi da ƙanƙara baƙin titi suke so ya sha rana, mu akasin haka muke nema. Gana tana da nata misalin: babbar hanyar Accra zuwa Tema, kilomita 19 na siminti mai haske maimakon baƙar kwalta, an buɗe ta a 1965 zamanin Kwame Nkrumah, ta ɗauki kayan tashar jirgin ruwa fiye da shekara 50.

Duk dabarun nan da suka yi nasara, da abin da ke wurin aka yi su: ruwan tashar wuta a Michigan, rijiya a Nagaoka, ranar bazara a Suwizalan, tsakuwar gefen hanya a Otta. Jama'ar zangon Salaga, Yendi da Bawku, idan aka zo ƙaddamar da aikin titi a garinku, kada ku tsaya ga tambayar ranar zuba kwalta. Ku tambayi ɗan majalisa da injiniya ina ruwa zai bi, kwalbati nawa ne, wa zai riƙa yashe su kafin damina, ina kuma za a kafa sikelin auna manyan motoci. Kwatar da ke ƙofar gidanku da rumfarku kuwa, ku hana a zuba mata shara tun kafin ruwan Mayu ya sauka.